Dalmar bugawa ko ta liƙawa: yadda nake zaɓar wadda zan sa wa taya

Duk tayar da aka garo mini a yi mata balansin, wato a daidaita nauyinta kada ta yi girgiza, kafin in ɗora ta kan inji sai na zagaya leɓen rim ɗin da yatsana, ta waje da ta ciki. Sai na gama wannan nake sauraron mai mota in ji wace dalma yake so, wato ɗan guntun nauyin da ake sa wa rim, ta bugawa ko ta liƙawa. Na daɗe a wannan aiki, kuma abin da ya zauna mini shi ne rim ke zaɓar dalmarsa. Ba son ran mai mota ba ne, ba kuma abin da ya rage a akwatin mai gyara ba. Wanda ya iya duba rim, rabin shawarar ta riga ta yanku.

Bari in fara da dalilin sa dalmar, don wasu suna ganin ɗan guntun ƙarfe ne kawai. Babu tayar da nauyinta ya rabu daidai ko'ina, haka ma rim. Dole wani ɓangare ya ɗan rinjayi sauran. A tsaye ba za ka ji komai ba, sai mota ta ɗauki gudu. Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16: idan kana kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. In akwai rarar giram 30 a bakin rim ɗinta, wannan 'yar rarar tana fisgar tayar da ƙarfin da ya kusa kilo 5, sama da ƙasa, sau 14 ɗin nan. In gudu ya ninka, fisgar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Shi ya sa mota take lafiya lau a cikin gari, da an hau babban titi an kai tsakanin 80 da 120 sai sitiyari ya kama rawa a hannu. In a kujera kake jin girgizar ba a sitiyari ba, yawanci tayoyin baya ne. Kuma girgizar ba a hannunka take ƙarewa ba. Tana cin boris, tana gajiyar da shokoba, tana sa taya ta ci gefe-gefe.

Rashin daidaiton iri biyu ne, kuma wanda bai gane wannan ba ba zai gane zancen dalma ba. Akwai wanda ke sa taya tsalle sama da ƙasa. Akwai kuma wanda ke sa ta lilo hagu da dama, saboda nauyin ya karkata zuwa fuskar waje ko ta ciki. Na farkon dalma ɗaya a tsakiya tana maganinsa. Na biyun sai an sa dalma a wuri biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Shi ya sa inji ke nuna lamba biyu a allonsa.

Muna ce musu dalma har yau duk da cewa da yawansu ba dalma ba ce. Tarayyar Turai ta hana dalma a wannan aiki tun 2005, jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi sahu a 2010, saboda dalma guba ce, kuma wadda ta faɗi a titi motoci suna niƙe ta ta zama ƙura mai guba. Yanzu ƙarfe da zinki suka fi yawa. Abin da ya shafe ka a nan shi ne girma: dalmar asali ta fi su nauyi nesa ba kusa ba, don haka giram 40 na ƙarfe ko zinki ya fi giram 40 na dalma girma da kusan rabi. Riƙe wannan, zai dawo idan muka zo zancen birki.

Ta bugawa ita ce tsohuwar hannu. Guntun nauyi ne da ɗan maƙalin ƙarfe mai tauri a bayansa, a ɗora shi a leɓen rim a buga da hama, maƙalin ya shige tsakanin roba da leɓen ya damƙe. In rim ɗinka na ƙarfe ne, irin baƙin nan da ake rufewa da murfi, kada ka wahalar da kanka da tunani: ta bugawa za ka sa, ciki da waje. Leɓen rim ɗin ƙarfe a naɗe yake, kamar don ita aka yi shi. Ba ruwanta da ƙura, ba ruwanta da sanyi ko zafi, ba ta jiran gam ya kama. Sannan cikin rim ɗin ƙarfe ba kasafai yake da shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi ba, ga tsatsa ga lanƙwasa, gam ba ya samun abin kamawa. Abu ɗaya kawai nake dubawa a nan, wato ko murfin taya zai koma ya zauna daidai bayan an buga dalmar, don wani murfin yana tokare ta har ya ture ta.

Sai dai ta bugawa ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna. Leɓen rim kala-kala ne, wani siriri, wani mai kauri, wani a miƙe, wani a lanƙwashe. Masu ƙera dalma suna rubuta haruffa a jikin kwali don bambanta su: P ta rim ɗin ƙarfe ce na yau da kullum, su MC da FN da IAW da EN kuwa na rim ɗin alminiyam ne, kowace da irin leɓen da take kamawa. Akwai ma ɗan ma'auni mai tsage-tsage da ake kangawa a leɓen a ga wace ce ta dace. In babu shi, ɗora dalmar da hannu kafin ka buga. Wadda ta dace za ta kwanta lif a jikin rim, ba haske tsakaninsu. Bayan ka buga, tura ta da babban yatsa. In ta motsa ko ta zame gefe, cire ta, ba tata ba ce. Wadda ta yi sako-sako ramin farko ne zai tafi da ita. Wadda ta yi matsi kuma sai an yi ta dukanta, a ƙarshe a buɗe maƙalin a ƙwarzane rim.

Bugun ma da iyawa. Bugu biyu ko uku a daidai kan maƙalin, da hamar dalma mai kan roba in rim ɗin mai fenti ne. Kuma ba a maimaita dalmar bugawa. Maƙalin da aka taɓa ɓanɓarowa ya riga ya saki, ko an matse shi da filaya ba zai koma yadda yake ba. Na san akwai masu tara tsofaffi a gwangwani suna sake bugawa, ni dai ban yarda da shi ba.

Yanzu sai rim ɗin alminiyam, inda ake ta gardama. Abin da yatsana ke nema a leɓen waje shi ne ko akwai ɗan tudun da maƙali zai kama. Rim da yawa na motocin yanzu fuskarsu a shafe take har baki, babu leɓe ko kaɗan. Irin wannan babu zaɓi, ta liƙawa ce. Duk wanda ya ce zai buga maka dalma a irin wannan rim, karɓi tayarka ka yi gaba.

In kuwa akwai leɓe a waje, ta bugawa za ta iya zama, amma ka san abin da za ka biya. Maƙalin yana yankar fentin da ya rufe alminiyam ɗin. Da ruwa ya samu hanyar shiga, ga ƙarfe iri biyu suna manne da juna, sai alminiyam ya fara cin kansa. Wata rana wani dattijo ya kawo mini mota yana cewa tayar gaba tana sace iska a hankali, an duba sau biyu ba a ga ƙusa ba. Da na cire dalmar waje sai ga wani farin gari a ƙarƙashinta kamar toka, fentin ya kumbura ya ɗaɗɗago kamar ɓawo, faɗin yatsa uku. Na zuba ruwan sabulu a wurin, sai ga ƙananan kumfa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga tsakanin roba da rim. Dalmar rim ɗin ƙarfe ce tsirara aka buga masa a wani wuri, cin ya bi ta ƙarƙashin fenti har ya kai inda bakin taya ke zama. Na ce masa, "Baba, ba tayarka ce ta huje ba, rim ne ya ciwu." Sai da muka sauke tayar, muka goge wurin, muka shafa abin toshewa. Ya daɗe yana shafa tabon da hannu, don mutum ne mai kula da motarsa. Tun daga ranar, in dole sai na buga dalma a alminiyam, mai rufin roba ko fenti nake sawa, kuma sai wadda harafinta ya dace.

Abin da na fi yi wa irin waɗannan rim shi ne haɗi. Ta bugawa a leɓen ciki, inda ido ba ya kai wa kuma yawanci akwai leɓe mai kyau, sannan ta liƙawa a cikin gangar rim, daf da bayan ƙafafunsa, a madadin ta waje. Fuska ta tsira, aikin kuma ya yi ƙarko.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa masu mota ba. Ta liƙawa takan ci giram fiye da ta bugawa a taya ɗaya, kuma ba ha'inci ba ne. Dalmar bugawa tana zama a can ƙarshen baki biyu, nesa da juna, don haka ɗan nauyi kaɗan yana da ƙarfin gyara lilo. Ta liƙawa tana matsowa ciki, tazarar da ke tsakanin biyun ta ragu. In tazarar ta ragu da rabi, nauyin da ake bukata don gyara lilon sai ya ninka. Shi ya sa nake tura ta waje har sai ta kusa taɓa bayan ƙafafun rim, ta ciki kuma in kawo ta bakin ciki iyakar inda wuri ya ba ni.

Ta liƙawa tana zuwa a jere kamar ɗan bel, gutsure-gutsure na giram 5, wani jerin kuma 5 da 10 a haɗe, yawanci giram 60 a jeri ɗaya. Wasu da awo na Amurka suke zuwa, kwatan oza kowane gutsure, wato kusan giram 7, don haka ka duba abin da aka rubuta a jiki kada lissafi ya ruɗe. Masu cewa ba ta da ƙarko, kusan duk lokacin da na bincika ba dalmar ce ta gaza ba, shafar wurin ce ba a yi ba. Juyawar taya ma taimakonta take yi, don tana ƙara danna ta a jikin gangar rim. Abin da ke kayar da ita datti ne.

Ga yadda nake yi, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Da farko in cire duk tsofaffin dalma kafin in kunna inji. Ta liƙawa da abin kankara na roba ake ɗaga ta, ba da sukudireba ba, in ba haka ba ka bar zane a rim. Ragowar soson gam ɗin nan mai toka-toka sai an kankare shi tas. Sai in tsame duwatsun da suka maƙale a zanen taya, in kankare busasshen laka daga cikin rim, don laka kaɗai tana iya kai giram 20 ko fiye, ka yi balansin da ita yau gobe ta faɗi. Bayan inji ya nuna wuri, sai in wanke wurin. Ƙurar birki baƙa ce mai maiƙo, tsumma busasshe ba ya ɗauke ta, shafe ta kawai yake yi. Sifirit nake sawa a farin tsumma, in goge, in juya tsumman in sake gogewa, har sai ya fito fari. Kada a yi amfani da fetur ko kananzir ko baƙin mai, duk suna barin maiƙo. Man ƙyalli da masu wanki ke fesa wa taya shi ne babban abokin gabar gam, in ya taɓa wurin sai an wanke sau biyu. A bar wurin ya bushe sarai.

Sannan rim kada ya yi sanyi ƙalau. Ƙasa da kusan digiri 15 gam ba ya kamawa da kyau, sai a ɗan ɗumama wurin da dalmar. Haka kuma in mota ta sha tafiya rim ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai, a jira ya huce.

Kafin in ɓare takardar bayan, nakan ɗan lanƙwasa jerin a hannu ya ɗauki siffar gangar rim, don in an liƙa shi a miƙe tsakiya ce za ta rataye ko bakin biyu su ɗago. In ɓare ba tare da yatsa ya taɓa gam ɗin ba, in daidaita tsakiyar jerin da inda inji ya nuna, tsakiyar fa, ba bakinsa ba. Sai in danna da ƙarfi, gutsure bayan gutsure, ina ƙirgawa a raina har zuwa 20 ko 30. Irin wannan gam dannawa ce ke sa shi kamawa, ba shan iska ba. In ka liƙa a karkace kada ka ɓare ka mayar, ɗauko sabo. Gam ɗin yana ci gaba da ƙara ƙarfi kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa nake roƙon mai mota kada ya bari a harba wa cikin rim ruwan inji mai ƙarfi a kwanakin nan.

Saura zancen birki. Tsakanin cikin rim da kan birkin da ke damƙe faifai, a wasu motocin ratar ba ta kai kaurin yatsa ba. Nan ne girman ƙarfe da zinki ke shigowa. Na taɓa ganin motar da aka ɗora wa jeri biyu, ɗaya kan ɗaya, don wuri ya ƙare. Mai ita ya ce tun fitowarsa yake jin ƙyas-ƙyas, can kuma sai ƙarar ta ɗauke, girgiza ta dawo. Da muka cire tayar, soson gam kawai ya rage a rim, a jikin kan birkin kuma ga sabon zane mai sheƙi inda dalmar ta yi ta goga har ta tsinke. Ba a ɗora jeri kan jeri. In nauyin ya yi yawa a jera su gefe da gefe, ko a nemo siririyar dalma da aka yi don matsattsen wuri. Kuma duk tayar da na sa wa ta liƙawa, bayan na ɗaura ta sai na juya ta da hannu tun mota tana kan jak, ina saurare.

Duk wannan a banza ne in ba a gaya wa inji gaskiya ba. Inji yana lissafi ne bisa inda ya ɗauka dalma za ta zauna. In an bar shi a tsarin ta bugawa, sannan aka liƙa dalmar can ciki, lambar da ya bayar ba ta wurin ba ce. Sai ka ga mai gyara yana ta ƙari, giram 10 nan, giram 5 can, yana bin lamba ba ya kamo ta, har rim ya cika da gutsattsari. A yawancin injuna tsarin ta liƙawa da na haɗi suna ƙarƙashin rubutun ALU, wato na rim ɗin alminiyam, kuma akwai sandar awo da ake kai wa daidai inda dalmar za ta zauna. Wurin sawa ma ya bambanta: ta bugawa a saman taya ake sa ta, daidai ƙarfe 12 na agogo, ta liƙawa kuwa wasu injunan a ƙasa suke nuna ta, daidai ƙarfe 6, da ɗan jan haske. Akwai kuma masu gajarta aiki su zaɓi tsarin dalma ɗaya tak a tsakiya. Inji zai nuna sifili, mai mota ya ji daɗi, amma lilon hagu da dama yana nan, musamman a faffaɗar taya. In ka ga lamba ɗaya a allo maimakon biyu, tambaya.

Injuna da yawa suna iya raba nauyin waje gida biyu su ɓoye kowane a bayan ƙafar rim. Yana da kyau ga mai son tsabtar ido, ya ɗan ƙara giram, ba ya rage ingancin aiki in an auna daidai.

Idan inji ya nemi nauyi mai yawa a ƙaramar mota, misali ya haura giram 60 ko 70 a gefe ɗaya, ba na garajen liƙawa. Nakan duba ko tayar ta zauna daidai a kan injin, ko rim ya lanƙwashe, ko akwai ruwa a cikin taya, wanda alamarsa ita ce lamba tana canzawa duk juyi. In duk lafiya, sai in sace iska in juya robar rabin zagaye a kan rim, don wani lokaci ɓangaren nauyin taya ne ya haɗu da na rim a wuri guda. Sabuwar taya takan zo da ɗigon rawaya a gefe, wurin da ta fi sauƙi ke nan, ana daidaita shi da bawul. Wannan kaɗai yakan rage dalmar da za a sa.

Hanyar da motar ke bi ma tana da ta cewa. Motar da kullum tana cikin laka da tsakuwa, in rim ɗinta na ƙarfe ne, ta bugawa ce ba tantama. In kuwa na alminiyam ne kuma tana gogar duwatsu ko bakin kwalbati, dalmar leɓen waje ita ce farkon abin da ke tafiya, gara a ɓoye ta ciki. Motar da birkinta ke shan wuta sosai, kamar mai yawan gangaren dutse da kaya, zafi yana iya sassauta gam mara kyau, don haka a nemi mai gam na kirki, wasu ma suna rufe ta da tef ɗin alminiyam. In tsohuwar dalma ta gaske ka cire, mai laushi wadda farce ke iya yi wa zane, kada ka yar a ƙasa, tara ta wuri ɗaya nesa da yara, ka wanke hannu.

Kai mai mota, kafin a sauke tayarka daga inji ka nemi a sake juya ta bayan an gama sa dalma, ka ga sifili a ɓangare biyun da idonka. Ka leƙa ciki ka ƙirga: wuri ɗaya a ciki, wuri ɗaya a waje, ko biyu in an raba ta bayan ƙafafu. In da hali ɗauki hoton cikin kowane rim da waya. Ranar da sitiyari ya sake rawa, ka durƙusa ka haska tocila ta tsakanin ƙafafun rim ka gwada da hoton, nan take za ka san ko dalma ce ta faɗi ko a wani wurin za a nemi matsalar.